Ɗan Matashin da ke Bayan Ƙeyarku a Mota

Yau cikin mota za mu shiga, amma ba ruwanmu da inji ko taya. Abin da za mu duba shi ne ɗan matashin nan da ke saman kujerar direba da ta mai zaman gaba, wanda ke tsaye a kan siraran ƙarafa biyu. Wasu suna rataya masa jaka ko hula, wasu su lulluɓe shi da tawul, wasu kuma su zare shi gaba ɗaya su jefa a but, wai yana tare wa na baya gani. Da wuya a sami wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi dalilin da ya sa kamfani ya kashe kuɗi ya saka shi.

Masu gyaran kujerun mota suna ce masa hedres, wato wurin hutar da kai. Wannan suna yana cikin abin da ya ruɗi mutane, domin a dokokin ƙera motoci sunan da aka ba shi yana nufin abin da ke tare kai. Mu a nan za mu riƙa ce masa matokarin kai. Ɗan'uwan bel ne da jakar iska, kuma an saka shi ne don ya kare wuyan mutum ranar da wata mota ta bugo ta baya.

Maganar ta shafe ku kai tsaye. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Raunin wuyan da za mu yi magana a kansa bai cika kisa ba. Sai dai yana iya hana ɗalibi sunkuyawa a kan littafi na tsawon makonni ko watanni, kuma kun san WAEC da NECO ba sa jiran kowa ya warke.

Me ke faruwa idan aka bugi mota ta baya?

Waɗanda suka fara darasin fizik sun san dokar farko ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687. Dokar ta ce abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa, abin da ke tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudunsa, har sai wani ƙarfi daga waje ya sauya masa hali. Kuna iya gwadawa a gida. Ku ɗora kati a bakin kofi, ku ɗora kwandala a kan katin, sannan ku ɗallare katin da yatsa da sauri. Katin zai tafi, kwandalar kuma ta faɗa cikin kofi, saboda ba abin da ya tura ta.

To, ku ɗauka motarku tana tsaye a danja, sai wani da ke duba wayarsa ya bugo ku ta baya. Motar za ta zabura gaba. Kujera tana haɗe da mota, don haka ita ma za ta zabura, ta tura gadon bayanku da kafaɗunku gaba. Kai kuwa ba abin da ya tura shi, sai ya tsaya inda yake kamar kwandalar nan. Jiki ya tafi, kai bai tafi ba, wuya ne a tsakaninsu. Da farko wuyan yakan lanƙwashe kamar harafin S, daga nan kai ya ɓalle baya, sannan ya dawo gaba da ƙarfi. A lokaci guda jikin yakan ɗan zame sama a jikin kujerar, wato kan mutum yakan ɗaga sama da inda yake a da. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Duk abin nan yana faruwa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Kafin ƙwaƙwalwa ta aika wa tsokar wuya saƙo ta ƙanƙame, an riga an gama. Saboda motsin ya yi kama da yadda bulala ke lanƙwasa ta dawo idan an tsula ta, likitocin Turai da Amurka suka sa wa raunin suna daga kalmar bulala. Mu sai mu ce fizgar wuya.

Aikin matokarin kai shi ne ya tura ƙeya gaba a daidai lokacin da kujera ke tura gadon baya, domin kai da jiki su tafi tare. In sun tafi tare, wuya ba shi da abin da zai lanƙwasa shi.

Mu ɗan yi lissafi

Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo 5. A ce bugun da aka yi wa motar ya sa ta tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 15 a awa, wanda ko mai keke yana iya yi. Kilomita 15 a awa daidai yake da mita 15,000 cikin daƙiƙa 3,600, wato kusan mita 4.2 a daƙiƙa. A ce wannan sauyi ya faru cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. In muka raba 4.2 da 0.1 za mu sami 42. Dokar Newton ta biyu ta ce mu ninka wannan da nauyin kai: 5 sau 42 ya ba mu niyutan 210.

Nauyin kilo ɗaya yana kusan niyutan 10, ke nan niyutan 210 ya yi daidai da nauyin kilo 21. Jarkar ruwa mai lita 20 ke nan cike, har da ɗoriya. Kuma wannan nauyi ba a tsakiyar ka aka ɗora shi a hankali ba, yadda masu tallar ruwa ke ɗauka da gammo. Fizgar kai yake yi baya farat ɗaya, ta inda wuya ba shi da ƙarfi. Mun sauƙaƙa lissafin don ya dace da aji, amma ya isa ya nuna cewa ɗan bugun da bai ko fasa fitilar baya ba yana iya yi wa wuya illa.

Wuyan da ke ɗauke da wannan kaya ƙasusuwa bakwai ne kacal a jere, daidai da adadin na raƙumin dawa, sai dai nasa dogaye ne. A tsakanin ƙasusuwan akwai faya-fayan guringuntsi, a gefensu akwai ƙananan gaɓoɓi da jijiyoyi da tsoka, ta tsakiyarsu kuma laka ta ratsa, wadda ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu. Wuri ne da ba ya son wasa.

Daga ina aka samo shi?

Tun kafin mota ta yawaita an san irin wannan rauni. A ƙarni na 19 likitocin Ingila sun riƙa ganin fasinjojin jirgin ƙasa suna kukan ciwon baya da wuya bayan karo, alhali ba a ga ciwo a jikinsu ba. Wani likita mai suna John Erichsen ya yi littafi a kan haka a 1866. A farkon shekarun 1920 wani mutumin garin Oakland a Amurka, Benjamin Katz, ya yi rajistar ƙirar matokarin kai na mota, amma an daɗe kamfanoni suna ɗaukarsa kayan ƙawa.

Amurka ta wajabta shi a kujerun gaba na sababbin ƙananan motoci daga ranar 1 ga Janairu, 1969. A 1982 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasar ta duba ko dokar ta yi amfani. Ta gano cewa matokarin da ke haɗe da kujera, wanda ba ya motsi, yana rage samun rauni a karon baya da kashi 17 cikin 100, wanda ake ɗagawa a sauke kuma da kashi 10 kawai. Dalili? Kusan kashi 75 cikin 100 na masu motsin an bar su ne a can ƙasa, ba wanda ya ɗaga su. Abu yana nan a mota, amma rashin sani ya rage masa amfani.

Ƙirar ma a lokacin ba ta da kyau. A 1995 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka mai suna IIHS ta fara auna matokaran motoci. Kashi 3 cikin 100 ne kawai suka sami sakamako mai kyau, kashi 82 suka faɗi. Daga nan kamfanoni suka tashi tsaye. Saab na ƙasar Suwidin ya fito a 1997 da matokari mai matsowa da kansa: idan gadon baya ya danna kujera da ƙarfi, wani ƙarfe a ciki sai ya turo matokarin sama da gaba ya tari ƙeya. Volvo ya biyo baya a 1998 da kujerar da ke ɗan ja da baya tana shanye ƙarfin bugun, kamar yadda gola ke ja da hannu idan zai cafke ƙwallo mai zafi. A 2009 hukumar gwajin motoci ta Turai, Euro NCAP, ta saka gwajin fizgar wuya cikin makin da take ba mota.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin da yawa daga motocin da ke kan titunanmu 'yan kwatano ne da aka ƙera don kasuwar Amurka ko Turai. Sun zo da wannan kariya a jikinsu. A hannunmu ne take lalacewa.

Inda matsalolin suke

Matsala ta farko ita ce matokarin da ya yi ƙasa. Da yawa suna barinsa a saitin wuya, suna jin daɗin yadda yake tallafe musu shi. Ku tuna mun ce jiki yakan zame sama lokacin karo. In matokarin yana saitin wuya, kai zai haura ta samansa ya lanƙwashe baya, kamar yadda ake ɗora rake a gwiwa a karya. Abin da aka saka don kariya sai ya zama abin da ke ƙara lanƙwasa wuyan.

Ta biyu ita ce tazara. Matasan direbobi suna son kwantar da kujera baya, hannu ɗaya a sitiyari, wai gayu ke nan. Mai zaman gaba ma yakan kwantar da tasa don ya yi barci a doguwar tafiya. Da zarar an kwantar da kujera, matokarin ya yi nesa da ƙeya. Kafin kai ya isa gare shi, wuya ya riga ya lanƙwashe. Ga kuma wani hatsarin: mai kishingiɗe yana iya sulɓewa ta ƙarƙashin bel in an yi karo ta gaba, bel ɗin ya matse masa ciki ko maƙogwaro.

Ta uku ita ce cire shi ɗungurungum. Ku leƙa motocin haya a tasha mafi kusa da ku, ku ƙirga kujerun da ramuka biyu ne kawai suka rage a samansu. Wani an cire don a ƙara wurin kaya, wani ya ɓata wajen wanki ko wajen mai yi wa kujeru riga. A motocin da ake cusa mutum biyu a gaba, wanda ke zaune kusa da giya ba shi da matokari, ba shi da bel. Haka ma bas ɗin da aka cire mata kujerun asali aka yi mata waldar benci mai gajeren baya: duk wanda ke kansa kafaɗarsa ce iyakar kariyarsa.

Ta huɗu daga ƙira take. Daga wajen 2009 Amurka ta tsaurara dokarta, ta ce tazarar da ke tsakanin ƙeya da matokarin kujerar gaba kada ta wuce santimita 5.5, kuma ta ƙara masa tsayi. Don cika sharaɗin, kamfanoni da dama suka karkato da shi gaba. Ta fuskar kariya an ci riba, amma mutane da yawa, musamman gajeru da matan da ke ɗaure gashi a ƙeya, suka yi ta kukan cewa yana tura musu kai gaba har wuya ya yi tsami. Mu nan ga ɗaurin ɗankwali, ga gwaggwaro ranar biki, ga tulin kitso ko acuci a ƙeya, ga rawani. Abin da wasu ke yi shi ne su zare matokarin su juya shi baya, ko su ajiye shi. Juya shi yana ƙara tazara, kuma a motoci da yawa tsagar da ke riƙe ƙarfen a gefe ɗaya take, don haka in an juya ba zai kulle ba. Maganin shi ne a fara gyara kwanciyar bayan kujerar kaɗan-kaɗan har a sami zaman da kai ya miƙe, a sassauta ko a mayar da ƙullin ɗankwali gefe ko ƙasa har a isa inda za a je. Gyaran ɗauri minti biyu ne a ƙofar gidan biki.

Ta biyar ta shafi matokarai masu matsowa da kansu. Wasu irinsu suna da sifirin a ciki wanda aka danne, aka riƙe da wani ɗan maƙalli. In an yi karo, na'ura ta saki maƙallin, fuskar matokarin ta yi tsalle gaba. A 2019 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta buɗe bincike a kan motocin Jeep Grand Cherokee da Dodge Durango ƙirar 2014, bayan masu su sun yi ta kai ƙorafin cewa matokarin yana tashi haka kawai ba tare da karo ba, ya bugi mutum a ƙeya, saboda robar da ke riƙe da shi tana tsagewa. Ku yi tunanin direban da ke gudu a babbar hanya aka ɗaka masa duka a ƙeya ba zato. In kun ga matokarin motar gidanku ya dare gida biyu, gaban ya turo waje, kada a ɗaure shi da waya ko salatif a ci gaba da tafiya. A kai wa makaniken da ya san irin motar. Wani ana iya mayar da shi, wanda ya karye kuwa sai dai a sauya.

Ta shida ita ce tarkacen da muke maƙala masa. Akwai masu ɗaura ƙarfen riƙe waya ko talabijin a jikin ƙarafansa don yara su yi kallo, akwai masu rataya jaka mai nauyi, akwai masu ɗaura ƙarin matashi mai kauri. Abu mai tauri a bayan matokari yana saitin fuskar wanda ke zaune a baya ne, kuma in aka taka birki da ƙarfi shi fuskar za ta fara tararwa, balle in na bayan bai sa bel ba. Riga mai matsewa kuma tana iya hana mai matsowa da kansa yin aikinsa.

Ta bakwai ita ce aron na wata mota. In matokari ya ɓata, akan je kasuwar kayan gyara, kamar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a ɗauko duk wanda ƙarafansa suka shiga rami. Shiga rami daban, kullewa daban. Wanda bai kulle ba, da ƙeya ta buge shi zai nutse ƙasa. A nemi na irin motar da shekararta, a kuma gwada kafin a biya.

'Yan mata, ga taku

Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna mata sun fi maza samun fizgar wuya a karon baya iri ɗaya. Ginin wuyan mace da ƙarfin tsokarsa sun bambanta da na namiji, kuma da yake jikinta ya fi sauƙi, kujera mai tauri takan cilla ta gaba da sauri. Duk da haka an shafe shekaru ana gwada motoci da mutum-mutumin da aka yi a kan matsakaicin namiji, mai tsawon santimita 175 da nauyin kusan kilo 78. Wanda ake cewa na mace ma na namijin ne aka ƙanƙanta.

Wata injiniya 'yar Suwidin mai suna Astrid Linder ta daɗe tana aiki don gyara wannan. A 2022 ita da abokan aikinta suka nuna mutum-mutumin gwaji da aka gina a kan matsakaiciyar mace, mai tsawon santimita 162 da nauyin kilo 62. Duk wadda ke ganin fizik da lissafi darasin maza ne, ta dubi wannan. Matsalar da aka daɗe ba a kula da ita ba, mace ce ta tsaya a kanta.

Yadda ake daidaita shi

Ana yin wannan ne mota tana tsaye, kafin a tashi.

Na ɗaya, ku zauna sosai, ƙugu ya shige can cikin kujera, gadon baya ya jingina. Bayan kujerar ya kasance kusan a miƙe, da 'yar kwanciya kaɗan.

Na biyu, tsayi. Ku ɗaga matokarin har samansa ya yi daidai da saman kanku. Hanya mai sauƙi ita ce ku ɗora tafin hannu a kwance a tsakiyar ka, ku matsar da shi baya: ya kamata ya taɓa saman matokarin. In mutum dogo ne matokarin bai kai ba, a ɗaga shi iyakar inda zai kulle, kuma ko ta yaya kada samansa ya gaza saman kunne.

Na uku, tazara. In kun zauna yadda kuka saba, abin da ke tsakanin ƙeya da matokari kada ya wuce faɗin yatsu uku, wato wajen santimita 5. In ya fi haka, a ɗago bayan kujerar, ko a karkato matokarin gaba in irin mai karkatowa ne.

Na huɗu, kulle. Ku danna shi ƙasa da hannu da ƙarfi. In ya nutse ba tare da kun danna maɓallin da ke gindin ƙarfen ba, makullinsa ya lalace, yana buƙatar gyara.

Na biyar, bel. Matokari yana tare kai lokacin da ya yi baya, bel kuma yana riƙe jiki lokacin da ya dawo gaba. Ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa bel tun farkon 2003, kuma tana gargaɗin kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a kujerar gaba. In motar tana da matokarai a baya, su ma a ɗaga su daidai da kan wanda ke zaune. Motar da mutum fiye da ɗaya ke tuƙawa kuwa, duk wanda ya shiga sai ya sake daidaitawa, yadda yake gyara madubi.

Wata jita-jita

Kuna iya cin karo da saƙon nan da ke yawo a WhatsApp da Facebook, mai cewa an yi matokari mai ciruwa ne da ƙarafa masu tsini don a fasa gilashi in mota ta faɗa ruwa. Ba don haka aka ƙera shi ba. Ana cire shi ne don a iya naɗe kujera, ko a yi gyara, ko a saka kujerar yara. Gilashin gefe yana da taurin fasuwa, wasu motocin ma nasu mai roba a tsakiya ne, ko ya tsage ba ya zubewa. In mota ta faɗa ruwa, abin yi shi ne a kwance bel, a sauke gilashi nan take tun wuta ba ta ɗauke ba, a fitar da yara, a fita. Wanda ya tsaya kokawa da matokari ya ɓata daƙiƙun da zai tsira a cikinsu.

In hatsarin ya riga ya faru

Fizgar wuya tana da yaudara. Mutum zai fito daga mota yana cewa lafiyarsa ƙalau, har ya tsaya cacar baki a kan wanda zai biya kuɗin bamba. Sai bayan awanni, ko washegari, wuya ya riƙe, kai ya fara ciwo daga ƙeya, kafaɗu su yi nauyi, wani har jiri. Duk wanda ya ji haka ya je asibiti a duba shi. Mafi yawa suna warkewa cikin makonni zuwa 'yan watanni, wasu kuwa ciwon yakan daɗe tare da su.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kaɗan: hannu ko ƙafa su mutu ko su yi rauni, jin kamar ana tsira allura a yatsu, ciwo mai tsanani a tsakiyar ƙashin wuya, ruɗewa, amai, ko suma. Waɗannan suna iya nuna karayar ƙashi ko taɓuwar laka. Kada a ja wa irin wannan mutum wuya, kada a murza, kada a kai shi wurin mai ɗori ko mai tausa kafin a ɗauki hoto. Asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano don wannan aka yi su.

In kun tarar da hatsari, ku san cewa gaggawar masu taimako takan ƙara ɓarna. Ana finciko mutum ta taga, a ɗauke shi wani ya riƙe hannu wani ƙafa, kai yana reto. In ba wuta ko wani hatsari na kusa, a bar shi inda yake, wani ya tallafe kansa da hannu biyu don kada ya motsa, a kira 122 na jami'an kiyaye haɗurra ko 112 na agajin gaggawa.

Ku da za ku fara tuƙi nan da 'yan shekaru, ku sani karon baya yawanci daga bin mota kurkusa da duba waya yake zuwa. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu na karanta saƙo, an yi mita 33 ido rufe. Ku bar tazarar daƙiƙa uku tsakaninku da na gaba, ku kuma tabbata fitilar birkinku tana kamawa.

Aikin wannan mako

Mun san ba ku ne masu motar ba, kuma gyara wa babba sai da dabara. Kada a jira sai ana tsakiyar tafiya a ce, "Ba haka ake yi ba." A bari a tsaya, sannan a ce, "Baba, don Allah ku ba ni minti ɗaya in nuna maku wani abu da muka koya a kan kujerar nan." Ga direban haya kuma, "Malam direba, don Allah ko zan iya ɗaga wannan kafin mu tashi?" Da wuya wanda aka roƙa haka ya ƙi.

Ga aikin. Kowa ya nemi izini ya duba motoci biyar, ta gida, ta maƙwabta, ko ta malamai. Ku rubuta abu huɗu a kan kujerar direba da ta mai zaman gaba: matokarin yana nan? Ya kai saman kai? Tazarar santimita nawa ce? Yana kullewa? Ku haɗa na 'yan aji gaba ɗaya, ku fitar da kashi cikin 100 na waɗanda aka bari a ƙasa, ku kwatanta da kashi 75 ɗin da aka samu a Amurka a 1982. Makarantun da ke da kulob ɗin kiyaye haɗurra su gabatar da sakamakon a taron safe. Ku aiko mana da naku tare da sunan makaranta da aji, za mu buga waɗanda suka fi tsari.

Ga kuma tambayar lissafi: in bugun ya sa mota ta kai gudun kilomita 20 a awa cikin daƙiƙa 0.1, niyutan nawa ne zai faɗa wa wuyan mai kai kilo 5, kuma nauyin kilo nawa ke nan? A nuna yadda aka bi aka samu amsa.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Gobe in kun shiga mota, kafin a murza makulli, ku kai hannu bayan ƙeya ku duba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.